Sojan Gona: Wanda Ya Yi Ƙaryar Ba Shi Ke Biyan Kuɗinta Ba

Kusan kowace majalisa tana da mutum guda mai cika baki. Yau shi ne tsohon soja da ya ga yaƙi a ƙasashe uku, gobe shi ne injiniya, jibi kuma ya taɓa karatun likita sai rashin kuɗi ya katse shi. Mukan yi dariya mu ce ai halinsa ne, ba ya cutar kowa. Bahaushe ya daɗe da raɗa wa wannan aiki suna, sojan gona, wato mutum ya ari rigar da ba tasa ba. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, rigar tana da mai ita, kuma idan ta yage shi ake kai wa ɗinki.

Zaman baƙunci yana sauƙaƙa wannan ƙarya. A garin da aka haifi mutum an san ubansa, an san makarantar da ya yi, an san shekarar da ya bar ta. A Nima ko Kumasi, a Jidda ko Landan ko Bronx, abin da baƙo ya faɗa game da kansa shi ne tarihinsa. Zango ma a kan haka aka gina shi: baƙo ya sauka, mai masauki ya karɓe shi a kan amana, ya tsaya masa wurin 'yan kasuwa da wurin hukuma. Wannan amana ce ta raya mu shekaru aru-aru, kuma ita ce mai sojan gona yake ci. Ga kunya a sama. Wa zai dubi babban mutum da furfura ya ce masa ina takardarka? Sai sunan ya bi shi. Wanda ya yi wata uku yana tsaron kemis ya zama Dokta, tun ana faɗa cikin wasa har yara su taso ba su san shi da wani suna ba.

Amurkawa sun kai maganar ƙaryar aikin soja har kotun ƙolinsu. A 2007 wani mai suna Xavier Alvarez, zaɓaɓɓen mamba a wata hukumar ruwa ta jihar Kalifoniya, ya tashi a taro ya ce ya yi shekara 25 a rundunar sojan ƙasar, kuma an ba shi lambar jarumta mafi girma da Amurka ke bayarwa. Bai taɓa shiga soja ba ko na yini ɗaya. Lambar nan, tun da aka ƙirƙiro ta lokacin yaƙin basasarsu, mutum kimanin 3,500 ne kawai suka samu, da yawa daga cikinsu iyalansu aka miƙa wa domin su sun mutu a fagen fama. Aka gurfanar da shi a ƙarƙashin wata doka ta 2005 da ta haramta irin wannan da'awa. A 2012 kotun ƙoli, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta soke dokar, ta ce tsarin mulkinsu bai yarda a ɗaure mutum don ƙaryar baki kawai ba. Majalisa ta sake rubuta dokar a 2013: yanzu laifi ne idan mutum ya yi ƙaryar samun lambar don ya sami kuɗi ko dukiya ko wata moriya, kuma hukuncin na iya kai ɗaurin shekara guda.

Kotu ta tsaya a inda kuɗi suka shiga, domin iyakar abin da take iya aunawa ke nan. A ganina ɓarnar takan fara tun kafin a kai ga kuɗi. Duk maƙaryacin da aka kama yakan bar shakka a zukatan mutane, kuma tsohon sojan gaskiya ne ke gadon wannan shakka. Shi kuwa sau da yawa ba mai yawan magana ba ne. Wanda ya ga abokinsa ya faɗi a gefensa ba ya son a tuna masa.

Mutanen zango ba baƙi ba ne a wannan magana. Rundunar da ta zama sojan Ghana ta samo asali ne daga dakarun Hausawa da Turawa suka shirya a 1879, kuma akwai gidajen zango da kakanninsu daga bariki suka sauka. A yaƙin duniya na biyu 'ya'yan Afirka ta Yamma sun yi faɗa a dazuzzukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. Da suka dawo ba a cika musu alkawarin aiki da haƙƙinsu ba. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 suka yi jerin gwano a Akara za su kai wa gwamna kuka a fadarsa ta Osu, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe uku: Saja Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abin da ya gaggauta 'yancin 1957. Kalmar 'yan mazan jiya da jini aka saye ta. Wanda ya ɗauke ta ya rataya don a ba shi tabarmar gaba a wurin biki, ko don a sa sunansa cikin masu karɓar taimako, daga hannun waɗancan mutane da marayunsu ya ƙwata.

A yau ƙaryar kaki ta fi zuwa ta hanya biyu. Akwai mai sanye da kayan sarki da ke karɓar kuɗi wurin iyaye da alkawarin zai shigar da ɗansu aikin soja, alhali rundunar sojan Ghana ta sha nanata cewa ba ta ɗaukar ma'aikata ta hannun dillali. Uwa ta sayar da zannuwanta da kwallayenta, yaro ya zauna jiran kira har shekarunsa su wuce. Akwai kuma wadda ta fi ciwo a faɗa, domin wasu cikin samarinmu sun faɗa mata: a ɗauki hoton wani sojan Amurka daga Facebook, a yi soyayyar ƙarya da wata mata a ƙasar waje, a tatse ta. Kalmar sakawa da ake kiran wannan aiki da ita daga harshenmu ta fito, abin da ba zai yi wa kowa daɗi ba. Matar ta yi asara, sojan da aka saci fuskarsa ya shiga rigimar da bai san mafarinta ba, sannan duk saurayi mai gaskiya da ya fito daga unguwar ya je neman biza da tambarin zargi a goshinsa.

Idan aka zo kan likita kuwa, maganar rai ce. A Ingila wata mata mai suna Zholia Alemi ta gabatar da takardar jabu a 1995 cewa ta gama karatun likita a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand, alhali ba ta gama ba. Hukumar rajistar likitoci ta karɓa. Ta yi sama da shekara ashirin tana duba masu taɓin hankali a asibitocin gwamnati, tana rubuta magunguna masu ƙarfi, ta karɓi albashin da ya haura fam miliyan ɗaya. Ba asibiti ne ya gano ta ba. Sai da aka ɗaure ta a 2018 saboda ta ƙirƙiri wasiyyar ƙarya da sunan wata tsohuwa don ta gaje ta, sannan wani ɗan jarida ya bi diddigin karatunta. A 2023 aka yanke mata shekara bakwai. Su kuma marasa lafiyar da suka bi ta hannunta, da iyalansu, sun rasa amsar tambaya guda: maganin nan da aka ba mu daidai ne? Bayan an gano ƙaryarta hukumar ta koma ta binciki takardun likitoci kimanin 3,000 da suka shigo ƙasar ta wannan hanya, mutanen da ba su yi laifin komai ba.

Tantance likita ba bidi'ar Turawa ba ce. Masu tarihi sun rubuta cewa a Bagadaza, shekara ta 931 miladiyya, wani maras lafiya ya mutu saboda kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya hana kowa taɓa maras lafiya sai Sinan bin Sabit ya jarraba shi ya ba shi izini. An jarraba mutum sama da 800. Malaman fiƙihu ma sun kafa hukunci a kan hadisin da Abu Dawuda da wasu suka ruwaito, cewa wanda ya shiga yin magani ba a san shi da iliminsa ba, duk ɓarnar da ta auku a wuyansa take, shi zai biya. Kyakkyawar niyya ba ta ɗauke masa wannan nauyi.

Ga inda abin ya fi shafar mu masu zaman ƙasar wasu: hukuma ba ta da lokacin rarrabe wake mai kyau da ruɓaɓɓe, buhun take ajiyewa gefe. A 2023 hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta da ke Ibadan. Mutum kusan 2,000 ne suka zauna jarrabawa a wurin. Aka soke sakamakon kowa, har waɗanda ba a zarge su da komai ba sai da suka sake zama, wasu suna cikin aiki, da iyali, da haya a kansu. A ƙarshen wannan shekara ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya sami kwalin digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida; a Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo baki ɗaya, ɗaliban da suka yi shekara huɗu suna wahala suka shiga cikin tsaka mai wuya. Pakistan ta ga wanda ya fi haka. A 2020 ministan sufurin sama ya faɗa wa majalisa cewa matuƙan jirgi 262 cikin 860 akwai shakka a lasisinsu, sai Tarayyar Turai ta hana jiragen kamfanin ƙasar shiga sararinta, hanin da ya ɗauki fiye da shekara huɗu.

Sai lauyan bogi, wanda ya fi kowa sanin inda baƙo yake da rauni. Mai neman takardar zama yana tsoron ofis, yana tsoron Turanci, sai ya ji ɗan'uwa mai jin Hausa ya ce shi lauya ne. Ya cike fam ba daidai ba, ko ya ƙara labarin ƙarya don wai a fi tausayawa, ko wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce yana cewa a yi haƙuri. Hannun mai neman ne a ƙasan takardar, shi hukuma za ta kama da yaudara, kuma irin wannan tabo yakan bi mutum shekaru. A Birtaniya laifi ne, tun dokar 1999, mutum ya ba da shawarar shige da fice a matsayin sana'a ba tare da rajista ba. A Amurka lauya mai lasisi ne ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi kaɗai ke da wannan hurumi.

Kada a haɗa wannan da wanda ya yi karatunsa na gaskiya a Khartum ko Yamai ko Zariya, ya zo ƙasar da ba ta ba shi lasisi ba tukuna, yana tuƙin tasi yana shirin jarrabawa. Shi ba maƙaryaci ba ne, ya cancanci girma da taimako. Iyaka dai kada mu matsa masa ya yi allura a ɗaki don ya fi araha. Haka wanzami da ungozoma da mai ɗori, suna da tasu shaidar, an san gidan da suka gada, kuma Ghana tana da hukumar da ke yi wa masu maganin gargajiya rajista. Matsala takan taso ne ranar da wanzami ya rataya abin awon ƙirji a wuya ya ce shi likita ne. Digirin girmamawa ma kyauta ce ba karatu ba, shi ya sa hukumar manyan makarantu ta Ghana ta tashi haiƙan a 2025 tana hana masu shi sa Dokta gaban sunansu.

Bincike a yau ba shi da wuya. Duk likita a Birtaniya yana da lamba mai alƙaluma bakwai a rajistar GMC, kowa na iya dubawa ta intanet kyauta. Nas da ungozoma suna da tasu lambar a rajistar NMC. A Ghana akwai hukumar likitoci da likitocin haƙori, da ta ma'aikatan jinya da ungozoma, kowacce tana riƙe da sunayen masu lasisi. Tsohon sojan Amurka yana da takardar sallama da ake kira DD-214, tsohon sojan Ghana kuma yana da lambar aiki da rundunar da ya zauna, ga hukumar kula da 'yan mazan jiya da za a iya tuntuɓa. Jikanku mai waya zai yi wannan aiki kafin shayi ya huce.

Abin da zai cire kunya daga ciki shi ne a mai da tambayar ƙa'ida a kan kowa. Kwamitin masallaci da ya gayyaci mai awon jini ko mai ba da shawarar takardu ya rubuta lambar rajistar duk wanda zai zauna a teburin, ko da ɗan liman ne. Waliyyin da aka zo neman auren 'yarsa, tun da dai zai aika a binciko asali da hali, ya haɗa da sana'ar da aka ambata. Mai takarda ta gaskiya ya sha wuya kafin ya same ta, kuma yawanci tun ba a gama tambaya ba ya ciro ta daga jaka.