'Yan'uwan Bielski a Dajin Naliboki

A shekarar 1942, yayin da sojojin Jamus suke halaka Yahudawa a yammacin Belarus, Tuvia Bielski da ƙannensa, waɗanda aka kashe wa mahaifa, suka kafa runduna a daji, suna aika jagorori su fito da mutane daga unguwannin da aka tsare su. Tuvia ya yanke hukunci cewa ba za a kori kowa ba, ko tsoho ko jariri, alhali mayaƙan sunƙuru da yawa kan ƙi karɓar marar bindiga, kuma a ganina wannan hukunci ya fi dukkan hare-haren rundunarsa daraja. A dajin Naliboki suka haƙa ɗakuna, suka kafa makaranta da wurin ibada, har sojojin Sobiyet suka iso a Yulin 1944, mutum fiye da 1,200 suka fito da rai.