Kuritiba: Birnin da Ya Ba Bas Tsakiyar Titi

In ana zancen sauyin yanayi, hankali yakan tafi ga shugabannin ƙasashe da manyan tarukansu. Amma wajen kashi 70 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya daga birane take fita. Kuma hukumar birni ce ke faɗin inda titi zai bi, da inda za a yi gini, da inda shara za ta je.

Kuritiba, babban birnin jihar Parana a kudancin Barazil, ya yi amfani da wannan iko da wuri. A 1971 aka naɗa Jaime Lerner, masanin zanen gine-gine, magajin gari. Jama'a na ta kwararowa daga karkara, ga shi babu kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sai a 1974 aka keɓe wa bas hanya a tsakiyar manyan tituna, ba motar da ke shiga. A 1991 aka ƙara tashoshin gilashi masu siffar bututu. Fasinja kan biya kuɗi kafin bas ta iso, daɓen tashar kuma daidai yake da ƙofarta, don haka tsayuwa ba ta daɗewa. Doguwar bas mai gaɓa uku takan kwashi mutum 270.

Sai dai asalin dabarar tana cikin dokar filaye. Dogayen benaye a gefen hanyar bas aka yarda a gina su. Da an yi nisa da ita, sai gidaje su gajarce. Ma'ana, an kawo mutane inda bas take, maimakon bas ta riƙa bin su lungu-lungu. Wannan ɓangare ne masu kwaikwayo suka fi tsallakewa, domin sayen bas ya fi taɓa masu filaye sauƙi.

Haka aka yi da ambaliya. Kwarurrukan da ruwa ke ci aka mayar wuraren shaƙatawa masu tafkuna, irin su Barigui, inda ruwan sama ke taruwa ba tare da ya shiga gidan kowa ba. A unguwannin talakawa kuwa, tun 1991 ake musayar kilo 4 na sharar da za a sake sarrafawa da kilo 1 na kayan lambu.

Bogota ta ɗauki tsarin bas ɗin a 2000, Legas a 2008, daga Mile 12 zuwa CMS. Amma Kuritiba kanta ba ta tsira daga matsala ba: filayen bakin hanya sun yi tsada, talakawa sun koma bayan gari, kuma yau tana cikin manyan biranen Barazil da suka fi yawan motoci gwargwadon jama'arsu.