Martin Braithwaite: Cinikin da ya kai shi Barcelona, ya bar Leganes a rana

A watan Fabrairun 2020 an riga an rufe kasuwar 'yan wasa a Sifaniya, amma Barcelona ta shiga tsaka mai wuya. Luis Suarez na jinya, Ousmane Dembele ma ya ji rauni, sai aka ba ta damar ɗaukar mutum ɗaya cikin gaggawa.

Ta zaɓi Martin Braithwaite, ɗan wasan gaba na Denmark, ta biya Yuro miliyan 18 da ke rubuce a yarjejeniyarsa da Leganes. Ƙaramar ƙungiyar ba ta da ikon hanawa, ba a kuma yarda ta ɗauki wani a madadinsa ba. Da kakar ta ƙare, ta faɗa rukuni na biyu. Ko masoyin Barca ya san an yi mata ƙarfa-ƙarfa.

Shi kuwa kakarsa ce ta yanke saƙa. Wanda ya yi kusan shekara biyu a keken guragu yana ƙarami saboda ciwon ƙugu, ya kuma ratsa ta Esbjerg da Toulouse da Middlesbrough, shi ne ya gaji lamba 9 ta Suarez, ya ɗaga Copa del Rey a 2021.

A shekarar ce kuma ya zura ƙwallon ƙarshe lokacin da Denmark ta lallasa Wales da ci 4-0 a gasar Turai, kafin Ingila ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe.

A 2022, bayan zuwan Robert Lewandowski, magoya bayan Barcelona suka yi masa ihu a Camp Nou don ya ƙi tafiya. Daga baya aka raba gari, ya koma maƙwabciyarta Espanyol.