Danƙa Jigilar Haja ga Wasu: Shirin da Ya Kamaci Ɗan Kasuwar Fagge da Sabon Gari

A wannan maƙala muna so mu duba wata matsala da ke gaban 'yan kasuwar Kantin Kwari da na Sabon Gari, har da masu ƙananan sito a unguwanni irin su Kwaciri, wato irin shirin da ya kamata mai haja ya yi kafin ya danƙa wa wani aikin ajiye kaya da ɗaure su da kai su ga mai saye. Fagge dai ta daɗe da sanin jigila, domin tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 nan ne zangon ayarin Azbinawa. Sai dai a wancan zamani falke yakan bi madugu ne tare da kayansa, idonsa na kansu. Yanzu kuwa ciniki kan faɗa ta waya, kuɗi su shigo ta banki, kaya su bi hannun wanda bai taɓa ganin mai sayen ba.

Hanyoyi biyu ne a gaban mai haja. Akwai tasha, inda ɗan kamasho da direba ke karɓar saƙo, galibi a ƙarƙashin ƙungiyar direbobi ta ƙasa da aka kafa a 1978. Akwai kuma kamfanonin jigila masu auna kaya a sikeli su ba da rasit da lambar bin sawu. Tasha ta fi araha, tana kuma kaiwa ƙauyukan da kamfani ba shi da ofis, amma yawancin alkawarinta na baka ne.

A ganinmu babban aikin yana cikin shago ne tun kafin kaya su fita. A Kwari, sanin haja yana zaune ne a kan yaron shago: da ido yake bambance shadda da shadda, ya kuma san wace dila aka kwance jiya. Ma'aikacin sito na kamfani ba shi da wannan sani, kuma ba laifinsa ba ne. Saboda haka tilas kowane iri da kowane launi ya sami lamba, a ƙidaya bandir da turmi a rubuce, a kuma sake ƙidayar gaban mai karɓa. Wanda ya miƙa kaya ba ƙidaya ba shi da hujja ranar da aka ce turmi goma sun ɓace.

Daga nan sai batun lamuni, wanda mutanenmu ke jin nauyin tayar da shi don kada a ce sun yi fatan tsiya. Malaman Malikiyya sun bambance tsakanin mai sana'a da mai ɗaukar kaya. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Kano, an ɗora wa masu sana'a ramuwar abin da ya salwanta a ɓoye a hannunsu, amma ba a ɗora wa mai jirgin ruwa ba, sai dai ba shi da lada sai kaya sun isa. Ashe ke nan bai kamata mai haja ya ɗauka cewa duk hasara za a biya shi ba. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ta isa ta sa a tambayi mai sito ko yana da inshora, kuma har nawa take biya.

Kuɗin dako ma ba ya zama wuri ɗaya, musamman tun janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, don haka a rubuta wa'adin farashi, da wanda zai biya idan mai saye ya ƙi kaya aka dawo da su. Masu aikawa Maradi kuwa sun ga an rufe iyaka a Agusta 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris 2024. Yarjejeniyarsu na bukatar sharaɗin da zai bayyana wanda zai ɗauki kuɗin ajiya idan mota ta maƙale a Jibiya.