Dalilin da ya sa faifan DVD mai gigabait 4.7 ke nuna 4.38 a kwamfuta

A shagunan da ke tura fina-finai da waƙoƙi a Babbar Kasuwar Birnin Kebbi, da ofisoshin gwamnati a Sakatariyar Gwadangaji, aikin kwashe bayanai daga tsofaffin faya-fayan CD da DVD zuwa filash ya zama ruwan dare, domin yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba sa zuwa da wurin saka faifai. Sai dai aikin kan haddasa gardama: mai saye ya ga an rubuta gigabait 32 a jikin filash, kwamfuta kuma ta nuna masa kimanin 29.8, sai ya zargi ɗan kasuwa da sayar masa da jabu. Sau da yawa ba ha'inci ba ne, bambancin ƙidaya ne.

Ma'auni iri biyu

Mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai shi ne bit, kuma bit 8 ne ke ba da bait ɗaya. Daga nan ƙidaya ta rabu gida biyu. Kamfanonin da ke ƙera faya-fayai da filash suna lissafi da dubu: a wurinsu gigabait ɗaya bait 1,000,000,000 ne. Ita kuwa manhajar Windows tana lissafi da 1,024, don haka gigabait ɗinta bait 1,073,741,824 ne. Lamarin ya yi kama da auna hatsi ɗaya da mudu biyu: hatsin bai ragu ba, amma babban mudu zai ba da adadi kaɗan.

A shekarar 1998 hukumar daidaita ma'aunan lantarki ta duniya, IEC, ta fito da sunayen mebibait da gibibait don lissafin 1,024, amma Windows ta ci gaba da rubuta GB. Kwamfutocin Apple kuwa sun koma lissafin dubu tun 2009.

Abin da kowane faifai ke ɗauka

Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana ɗaukar bait 737,280,000 idan mai minti 80 ne. An auna megabait 700 da ke jikinsa ne da lissafin 1,024, shi ya sa kwamfuta kan nuna kimanin 703, ba tare da an ga giɓi ba.

Faifan DVD, da ya shiga kasuwa a Japan a 1996, da lissafin dubu ake auna shi. Gigabait 4.7 na nufin bait kusan 4,700,000,000, wanda Windows ke nunawa a matsayin 4.38. Mai hawa biyu, mai gigabait 8.5, yakan nuna kimanin 7.9. Faifan Blu-ray, da ya fito a 2006, mai gigabait 25, yakan nuna 23.3.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: a ninka adadin gigabait da ke jikin kwali da 0.93, za a samu abin da Windows za ta nuna. Giɓin kusan kashi 7 cikin 100 ne. Ma'adanar da giɓinta ya zarce haka nesa, ko take lalata abin da aka zuba mata tun kafin ta cika, ita ce abin zargi.

Faifai nawa zai shiga filash?

A ɗauki misalin mai ɗaukar bidiyo a Argungu da ya tara faya-fayan Bikin Kamun Kifi, bikin da ya samo asali a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu, kuma UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2016. Idan yana da cikakkun DVD 40 na hotunan masunta a Matan Fada, zai ninka 40 da 4.7, ya samu gigabait 188. Filash mai gigabait 128 ba zai ishe shi ba, sai mai 256.

Bisa wannan lissafi, filash mai gigabait 16 na ɗaukar cikakkun DVD uku, mai 32 na ɗaukar shida, mai 64 kuma 13. Ma'adana mai terabait ɗaya na iya ɗaukar kusan 212. Abin da ke cikin CD shida yana shiga DVD ɗaya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne cakuɗa ma'aunan, wato raba adadin da kwamfuta ta nuna da adadin da ke jikin faifai.

Abubuwan lura

Filash ɗin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, ko da akwai sauran wuri. Mai son kwafe DVD a dunƙule sai ya sauya tsarin zuwa exFAT ko NTFS, bayan ya kwashe abin da ke ciki, domin sauyin kan goge komai.

Haka kuma, saurin intanet da megabit ake auna shi, ba megabait ba. Ɗora DVD ɗaya a intanet mai saurin megabit 10 a daƙiƙa zai ɗauki fiye da awa ɗaya, kuma zai cinye data gigabait 4.7.

Faifan da aka zuba wa bayanai a shago ba ya dawwama. Zafin rana, ƙurar hunturu da ƙarzuwa suna lalata shi a hankali. Ga ma'aikacin da ke riƙe da takardun albashi ko na filaye a faifai, da ɗan kasuwar da ke ajiye hotunan bukukuwan jama'a, abin da ya fi dacewa shi ne a yi lissafin tukuna, a sayi ma'adanar da ta zarce buƙata, sannan a ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban.