Gargaɗi ga Masu Ajiya, Masu Cin Bashi da Masu Sayen Kadarorin Bankin Heritage

Jama'a, a saurara da kyau, kuma wanda ya ji ya sanar da wanda bai ji ba.

Tun ranar 3 ga Yuni, 2024 Babban Bankin Najeriya ya ƙwace lasisin bankin Heritage, bisa ikon da dokar bankuna ta 2020 ta ba shi, bayan da bankin ya kasa farfaɗowa daga halin da ya shiga. Nan take aka naɗa Hukumar Inshorar Ajiyar Kuɗi ta Najeriya, wato NDIC, ta karɓi ragamarsa domin ta tattara abin da ya rage, ta sayar, ta raba wa masu haƙƙi. Daga wannan rana babu manaja, babu darakta, babu ma'aikacin tsohon bankin da ke da ikon karɓar kwabo ko yafe kwabo da sunan Heritage. Ƙofa ɗaya ce ta rage, ita ce ta NDIC. Duk wanda ya nuna maka wata, to ka yi hattara da shi.

Rushe kamfanin da ya karye tamkar rabon gado yake. Sai an biya bashin mamaci kafin magada su taɓa dukiya. A banki, masu ajiya ne a sahun gaba, sai sauran masu bin bashi kamar 'yan kwangila da masu kawo kaya, sannan masu hannun jari a can ƙarshe, idan wani abu ya saura.

Ga masu ajiya. Inshora tana biyan kowane mai ajiya har naira miliyan 5. Hukumar ta yi amfani da lambar BVN ta gano asusun mutum na wani banki, ta tura masa kuɗinsa kai tsaye. Idan har yau ba ka ga naka ba, mai yiwuwa ba ka da wani asusu, ko sunanka na banki ya saɓa da na BVN. Kada ka zauna kana jiran tsammani. Ɗauki katin shaidarka, lambar BVN da duk takardar da ke nuna asusun naka ne, ka je ofishin NDIC mafi kusa, kamar na shiyyar Kano, ko ka cike fom a shafin hukumar na intanet. Idan mai asusun ya rasu, magada su nemi takardar izinin gado daga kotu. Akwai marayu da zawarawa da haƙƙinsu ke kwance don kawai babu wanda ya tashi ya nema musu.

Wanda ajiyarsa ta haura miliyan 5, ragowar tana zuwa ne kashi-kashi, gwargwadon abin da aka samu daga sayar da kadara da karɓo basussuka. Kason farko da aka fara biya a watan Afrilun 2025 kwabo 9.2 ne a kan kowace naira. Ma'ana, mai naira miliyan 15 ya karɓi miliyan 5 na inshora, sannan naira 920,000 a kan ragowar miliyan 10. Don haka kada kowa ya ɗauki kaya bashi ko ya sa ranar biki da zaton kuɗinsa duka za su dawo gobe.

Ga waɗanda banki ke bi bashi. Mutuwar banki ba ta kashe bashi. Masu cewa ai an huta, su sani sunayensu da takardun jinginarsu suna hannun hukumar, kuma tana da ikon kai su kotu da sayar da abin da suka jinginar. Wanda ke da ajiya kuma ana bin sa bashi, sai an cire bashin kafin a ba shi saura. Abin da ka riƙe kuwa ba na banki ba ne yanzu, na ɗan fansho ne da mai sayar da hatsi da ke jiran kasonsu. Ka biya, amma ta asusun da NDIC ta ba ka a rubuce, ka kuma karɓi rasit.

Ga masu sha'awar gwanjo. Gidaje, filaye, motoci da kayan ofis na bankin ana sayar da su ne ta hanyar talla a jarida da gasar tayi a fili. Dillalin da ya ja ka gefe ya ce yana da hanya a ciki, ka ba da kafin alƙalami, kuɗinka yake hari. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ga kowa da kowa. NDIC ba ta karɓar ko sisi kafin ta biya mai ajiya. Ba ta neman lambar sirrin katinka, ba ta neman lambar da ake turo maka ta waya. Duk wanda ya kira ka, ko ya aiko saƙo ta WhatsApp yana neman waɗannan, ɗan damfara ne. Kashe wayar, ka kai rahoto.

Wannan darasi bai tsaya ga banki ba. Idan kamfanin da kake hulɗa da shi na kasuwanci ne kawai, babu inshorar da za ta tsaya maka. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, Babbar Kotun Tarayya ce ke ba da umarnin rushe kamfanin da ya kasa biyan bashi, ta kuma naɗa wanda zai raba kadarorinsa. Da zarar an shigar da ƙarar, duk kadarar kamfanin da aka sayar ko aka yi kyauta da ita ba da amincewar kotu ba, cinikin ɓatacce ne. Bayan umarnin kuma ba a ci gaba da wata ƙara a kan kamfanin sai da izinin kotu. Mai bin bashi sai ya gabatar da hujjarsa a rubuce cikin wa'adin da aka sanar.

Don haka yau ɗin nan, buɗe akwati ka nemo takardunka. Tambayi tsofaffin gidanku ko suna da asusu a Heritage. Limamai da masu unguwanni su taimaka su isar da wannan saƙo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.