Shin Ko Kun San? Tsohon Sojan Amurka da Likitan Garinsu

Shin ko kun san cewa tsofaffin sojojin Amurka suna da asibitocinsu na kansu? Ma'aikatar da ke kula da su, wadda ake kira VA a taƙaice, tana da manyan asibitoci kusan 170 da ƙanana sama da dubu, kuma fiye da mutum miliyan 9 ne suka yi rajista da ita. Sai dai ƙasar na da faɗi, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na tsofaffin sojojin a karkara suke zaune. A da, wanda ya baro ƙafarsa a Iraƙi sai ya shafe sa'o'i a mota don ganin likita, alhali ga asibiti a bakin titin garinsu.

Shin ko kun san abin kunya ne ya buɗe musu ƙofar asibitocin gari? A 2014 asiri ya tonu a asibitin VA na Phoenix, jihar Arizona: ana ɓoye tsawon lokacin da marasa lafiya ke jira, kuma masu bincike suka gano tsofaffin sojoji kusan 1,700 da ke jiran likita amma babu sunansu a jerin hukuma. Wasu sun rasu suna jira. Shugaban ma'aikatar, Eric Shinseki, ya ajiye aiki a watan Mayu. A watan Agusta Shugaba Obama ya sa hannu kan dokar Choice, aka ware dala biliyan 10, aka ce duk wanda zai jira fiye da kwana 30, ko gidansa ya zarce mil 40 daga asibitin VA, ya je wurin likitan gari gwamnati ta biya.

Ga wani abin takaici: da farko a miƙe ake auna mil 40 ɗin a kan taswira, ba a bin hanyar mota. Mutum na bayan tsauni ko ƙetaren tafki, a takarda yana kusa, a zahiri sai ya yi dogon zagaye. Sai a 2015 aka gyara.

Shin ko kun san yanzu da agogo ake awo? Dokar MISSION da Shugaba Trump ya sa wa hannu a 2018, ta fara aiki a Yunin 2019. Idan tafiyar mota ta wuce minti 30 zuwa likitan yau da kullum ko na lafiyar ƙwaƙwalwa, ko minti 60 zuwa ƙwararre, tsohon soja ya cancanci likitan gari. Haka ma idan jira zai wuce kwana 20, ko 28 a wajen ƙwararre. Mazauna Alaska da Hawaii da New Hampshire sun cancanta kai tsaye, don jihohinsu ba su da cikakken asibitin VA. Amma galibi sai VA ta ba da izini tukuna. Wanda ya tafi gaban kansa, kuɗin na iya faɗowa a kansa. Idan gaggawa ce, a sanar da ita cikin awa 72.

Tun Janairun 2023 kuwa, tsohon sojan da ya kai ga tunanin kashe kansa zai iya shiga sashen gaggawa na kowane asibiti a duba shi kyauta.

Abin da ke damuna shi ne, kusanci ba ya maye gurbin sanin mara lafiya. Likitan gari da ya ga mutum na tari ba lallai ya tambaye shi ko ya shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanonin Afganistan ba, ko gubar Agent Orange ta taɓa shi a Biyetnam. Likitocin VA kullum da irin waɗannan suke kwana suke tashi. Ga shi kuma kuɗin da ake biyan asibitocin waje ya kai kusan dala biliyan 30 a 2023, duk daga aljihun ma'aikatar da ake so ta ɗauki ƙarin likitoci don rage layin da ya jawo rikicin tun farko.